Ndar: Tsibirin da Faransawa Suka Yi Zaman Haya Kusan Shekara 200

Idan aka ambaci zuwan Faransawa ƙasashenmu, abin da ke fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne ƙarshen ƙarni na 19: ayarin Voulet da Chanoine da ya ƙone Birnin Ƙonni a 1899, faɗuwar Damagaram a cikin wannan shekara, da kisan Rabe a Kusuri a 1900. Daga nan sai labarin kwamanda da haraji da aikin tilas, waɗanda kakanninmu suka ɗanɗana. Saboda haka ne mutane da yawa ke ɗauka cewa tun ranar da Bafaranshe ya sa ƙafa a Afirka ta Yamma da igwa ya zo, yana ba da umarni ana bi.

Tarihi ya nuna wani abu dabam. Kafin wancan zamani, Faransawa sun yi kusan shekara 200 a bakin kogin Senegal suna zaman baƙunci a kan wani ɗan tsibiri. Suna biyan kuɗin zama, suna sayen geron da za su ci daga hannun masu ƙasa, suna auren 'ya'yan gari domin su sami madafa. Mutanen wurin, wato Wolof, suna kiran tsibirin Ndar, Faransawa kuwa suka raɗa masa San-Luwi. Duk wanda ke son ya fahimci yadda baƙo ya koma mai gida a wannan yanki namu, daga nan ya kamata ya ɗauko zaren labarin.

Tsibirin yashi a bakin teku

Fataken garuruwan Dieppe da Rouen na arewacin Faransa ne suka fara kafa rumfar ciniki a bakin kogin a 1638, amma ruwa ya yi ta cinye musu wurin. A 1659 wani wakilin kamfaninsu mai suna Louis Caullier ya matsa zuwa tsibirin Ndar, ya gina ƙaramin sansani mai ɗakunan ajiyar kaya. An sa wa wurin sunan wani tsohon sarkin Faransa, Louis na 9, wanda Kiristoci ke ɗauka a matsayin waliyyi, a lokacin da Louis na 14 ke kan gado.

Tsawon tsibirin bai fi kilomita 2 da ɗoriya ba, faɗinsa kuwa bai kai rabin kilomita ba. Yashi ne zalla, babu gona, babu itacen kirki. Tsakaninsa da teku akwai wani siririn tudun yashi mai tsawo, kuma a inda kogi ya haɗu da teku igiyar ruwa na da haɗari ƙwarai, har manyan jirage ba sa iya shiga sai sun tsaya a waje an yi musu jigila da ƙananan jirage da kwale-kwale. Masuntan wurin ne kaɗai suka san hanyar ratsa wannan mashiga, domin yashin ƙarƙashin ruwa yakan sauya wuri daga shekara zuwa shekara. Da rani, idan kogi ya janye, ruwan teku yakan hauro har ruwan da ke kewaye da tsibirin ya yi gishiri, sai an je can sama an ɗebo na sha, ko a haƙa 'yan rijiyoyi a cikin yashi a sha mai ɗan zartsi. Da damina kuma sauro ya sauka, zazzaɓi ya shiga kwasar Turawa. A 1778 annobar shawara ta faɗa wa garin ta kashe mafi yawan Turawan da ke cikinsa.

To me ya sa suka zaɓi irin wannan wuri? Dalili shi ne tsoro. Ruwan da ya kewaye su shi ne ganuwarsu, domin ba su da ƙarfin da za su zauna a kan tudu su kare kansu daga dawakin sarakunan ƙasar. Adadinsu ma bai taka kara ya karya ba: ma'aikatan kamfani da sojoji da maƙera da kafintoci, duka-duka 'yan ɗaruruwa ne a mafi yawan lokuta.

Yana da kyau a kwatanta wannan da abin da ke faruwa a wasu wuraren da Faransawa suka sauka a wancan zamani. A Kanada, inda Samuel de Champlain ya kafa garin Kebek a 1608, manoma aka kai su share daji su zauna dindindin, har tsakanin 1663 da 1673 sarki ya aika da 'yan mata kimanin 800 domin a aura a hayayyafa. A tsibiran Karibiyan kuwa gonakin rake aka buɗe da guminsu bayi. Ndar ba ta zama ko ɗaya daga cikin biyun ba. Kasuwa ce, kuma mai kasuwa a ƙasar wani dole ya san da zaman mai ƙasa.

Kuɗin zama da kuɗin fito

Gwamnatin Faransa ba ta riƙe wurin da hannunta ba a farko. Kamfanoni take ba wa izinin cin kasuwar su kaɗai: kamfanin da minista Colbert ya kafa a 1664, sannan Kamfanin Senegal a 1673, daga baya kuma Kamfanin Indiya daga 1719. Da yawansu sun karye saboda bashi da satar ma'aikata. Amma kowane ya zo, sharaɗi ɗaya yake tararwa bai sauya ba, wato biyan abin da Faransawa ke kira kutum, ma'ana al'ada. Wannan kuɗin zama ne da na fito da ake kai wa sarakuna kowace shekara, ana biya da tufafi da sandunan ƙarfe da bindigogi da albarushi da murjani da takarda da barasa.

Masu karɓa suna da yawa. Akwai Barak, sarkin Walo, wanda tsibirin ke cikin ƙasarsa. Akwai Damel na Kayor a kudu. Akwai sarakunan Larabawan hamada na Tararza da Barakna a arewacin kogi. Idan aka hau sama akwai Satigi na Futa Toro, sannan Tunka na Gajaga. Ban da sarakuna, fadawansu da matansu da tafintocinsu kowa na da nasa rabo, kuma an san adadin. Idan kamfani ya yi jinkiri ko ya rage wani abu, sai a rufe masa hanyar kogi, ko a hana gero shiga tsibirin. Tun da mazauna Ndar ba sa noma, rufe hanyar gero na 'yan makonni ya isa ya durƙusar da su.

Abin da ya sami André Brüe, shugaban kamfanin da ya fi kowa suna a wancan zamani, ya isa misali. Brüe ya so ya tilasta wa Damel Lat Sukabe Fal ya daina ciniki da Ingilishi, ya riƙa sayar wa Faransawa kaɗai a kan farashin da suka yanka. A 1701 Damel ya sa aka kama shi aka tsare, ba a sake shi ba sai da kamfani ya biya fansa da kaya masu yawa. Sarkin Faransa, duk da girman rundunarsa a Turai, bai aiko da mayaƙa su rama ba. An koma ciniki kamar yadda aka saba.

Mu da muka tashi a zango mun san irin wannan zama. Bafatake idan ya sauka a garin da ba nasa ba, yakan nemi maigida wanda zai ba shi masauki, ya yi masa dillanci, ya tsaya masa a gaban sarki, shi kuma ya riƙa kai gaisuwa fada. Da wannan ƙa'ida Hausawa suka yi fataucin goro har Gwanja. Ita ce kuma ƙa'idar da sarakunan Senegal suka ɗora wa Bature, ya kuwa bi ta, domin ba shi da zaɓi.

Ƙaro da tafiyar Galam

Babban abin da ya riƙe Faransawa a kogin shi ne ƙaro, wannan dai da almajiri ke zubawa a tawada domin ta kama allo. Ana samunsa daga itacen dakwara da ke dazuzzukan arewacin kogi, a ƙasar Muritaniya ta yau. Masaƙun Turai na bukatarsa wajen buga zane a kan tufafi, ana kuma sa shi a magani da alewa da aikin takarda. A ƙarni na 18 kusan duk ƙaron da Turai ke amfani da shi daga wannan yanki yake fitowa, shi ya sa Faransa da Holan da Ingila suka yi ta gwabzawa a kan tashoshin Argin da Fortandik na gaɓar Muritaniya.

Zuriyoyin malamai na hamada ne ke da dazuzzukan, bayinsu ne ke tara ƙaron da rani. Idan lokaci ya yi sai a loda wa raƙuma da takarkarai a kawo wasu sanannun mashigai na bakin kogi, inda jiragen Ndar ke jira. Ba a fara awo sai an biya sarkin Tararza ko na Barakna kuɗinsa, an kuma ciyar da masu kaya har tsawon kwanakin ciniki. Kuɗin wannan kasuwa shi ne wani baƙin zane rinin baba da ake kira gine, wanda ake saƙawa a Fondisheri ta ƙasar Indiya, a kai shi Faransa, sannan a kawo shi Senegal. Mutanen hamada sun san shi sarai, har da sansana sukan gane na gaske da jabu. Kowane ɓangare na da tasa dabara: masu saye sun yi ta ƙara girman akwatin awo da ake kira kantar a hankali, masu sayarwa kuma su ja ciniki har sai baƙo ya gaji ya ƙara farashi.

Ciniki na biyu shi ne na Galam, sunan da Faransawa ke kiran ƙasar Gajaga ta Soninke, sama da kilomita 700 daga bakin teku idan aka bi ruwa. A can ake samun zinariyar Bambuk da hauren giwa da bayi. Jirage ba sa iya kaiwa sai kogi ya cika, don haka ayari kan tashi a tsakiyar damina ya komo da kaka kafin ruwa ya janye. Inda iska ta ƙi, sai matuƙa su sauka su ja jirgi da igiya ta bakin gaɓa, ko su tura da gora, kwana da kwanaki. Turawan da ke bin wannan tafiya da yawansu ba sa dawowa saboda zazzaɓi. A hankali sai aikin ya koma hannun 'yan ƙasa: matuƙan da ake kira lafto, da shugabannin jirage, da tafintoci masu jin Wolof da Fulatanci da Soninke da Larabci. In ba su, ko buhu ɗaya ba zai iso Ndar ba.

Su wane ne mutanen Ndar?

Kamfani ya hana ma'aikatansa zuwa da mata daga Faransa, ya kuma hana su auren 'yan ƙasa, don gudun kada su riƙa karkatar da kayansa ta hannun surukai. Dokar ba ta yi aiki ba. Baturen da ya sauka ba ya jin harshe, bai san abincin da zai ci ba, zazzaɓi kuma na jiransa. Wadda za ta yi jinyarsa, ta haɗa shi da masu kaya, ta adana masa ɗan abin da yake samu a ɓoye, ita ce matar gari. Haka aka sami abin da suka kira aure bisa al'adar ƙasa: a nemi yardar iyaye, a biya sadaki, a yi biki, a zauna a matsayin miji da mata har ranar da mijin zai koma ƙasarsu. Idan ya tafi ba da niyyar dawowa ba, aure ya ƙare, matar ta riƙe gida da bayi da dukiya, 'ya'ya kuma su ci gaba da amsa sunan ubansu.

Waɗannan mata su ake kira sinyar, daga kalmar Fotugis mai nufin uwargida. A ƙarni na 18 da yawa daga cikin manyan gidajen Ndar da na tsibirin Gore, wanda Faransawa suka ƙwace daga hannun Holan a 1677, nasu ne. Suna da jirage, suna aika wakilai Galam, suna ba da bashi. Sun shahara da dogon ɗaurin kallabi mai tsini da kayan zinariya na maƙeran gari. Idan za su coci da daren Kirsimeti, kuyangi ne ke tafe gabansu da fitilu masu ado, kuma daga nan ne bikin fitilu da ake yi a garin har yau ya samo asali. 'Ya'yansu da jikokinsu, ruwa biyu, su suka zama manyan 'yan kasuwa da tafintoci. Daga cikinsu aka fara naɗa magajin gari, Charles Thévenot, wanda yake tsayawa tsakanin gwamna da jama'a.

Duk da haka, ruwa biyu da Kiristoci tsiraru ne. Mafi yawan mazauna garin Musulmi ne, Wolof da Fulani da Soninke da Bambara, kuma Wolof ne harshen kasuwa da na cikin gida, har a gidajen da ke da sunan Faransa. Sau da yawa garin kan yi shekaru babu limamin coci, amma ba a rasa malamai masu rubutu da laya, waɗanda har Kiristocin garin ke zuwa wurinsu. Masanin tsirrai Michel Adanson, wanda ya zo Senegal a 1749 ya yi shekaru yana bincike, sai da ya koyi Wolof kafin ya iya aikinsa. Sunansa ne masana suka laƙaba wa itacen kuka, shi ya sa har yau a littattafan kimiyya ake kiranta Adansoniya.

A ƙarshen ƙarni na 18 mutanen tsibirin ba su wuce 6,000 zuwa 7,000 ba, kuma kusan rabinsu bayi ne. Wannan shi ne ginshiƙin dukiyar sinyar da ba a cika faɗa ba. Bayin gida su ne magina da kafintocin jirgi da matuƙa, uwargida ta ba kamfani hayarsu ta karɓi rabo daga ladansu. Mata kuwa aikinsu daka: tun asuba ake jin amon turame a duk faɗin tsibirin, ana surfe da niƙan geron da za a ciyar da gari da sojoji da ayarin jirage. Al'adar garin ta hana a sayar da bawan gida ko bacucane zuwa ƙetaren teku sai in ya yi babban laifi. Wannan kariya ba ta shafi wasu bayin ba, waɗanda ake tsare da su a kurkukun sansani cikin mari suna jiran jirgi.

Hanyar da ba a dawowa

Daga Ndar da Gore jirage ke kwasar mutane zuwa Martinik da Gwadalup da San-Domeng, wato Haiti ta yau. A 1685 Louis na 14 ya sa hannu a kan dokar bayi da ake kira Baƙar Doka, wadda ta lissafa bawa cikin kayan da ake gada, ta kuma tilasta a yi masa wankan shiga Kiristanci. Zuwa 1789 bayin San-Domeng kaɗai sun kai kusan rabin miliyan, an tattaro su daga sassa daban-daban na Afirka. A Luwiziyana kuma, inda Faransawa suka kafa birnin Sabuwar Orleyan a 1718, mafi yawan bayin da aka kai a shekarun farko daga yankin Senegal aka ɗebo su, har da waɗanda suka san noman shinkafa da rinin baba tun daga gida.

Tun da Faransawan Ndar ba su da ƙarfin kai hari cikin ƙasa, a hannun wa suke samun waɗannan mutane? A hannun sarakuna da mayaƙansu da fatake. Bindiga da doki na kawo bayi, bayi kuma na kawo bindiga, sarkin da ya ƙi shiga wannan kasuwa maƙwabcinsa ya fi shi makami. Ciwon ya kai ga wasu sarakuna na kai wa talakawansu hari.

Malamai ne suka fara ɗaga murya. A 1673 wani malami daga hamada mai suna Nasiruddin ya yi kira ga tuba, yana wa'azin cewa sarki makiyayin jama'arsa ne, ba shi da ikon sayar da su. Talakawan Futa da Walo da Kayor suka amsa, aka tumɓuke sarakuna da dama. Ciniki ya tsaya cak a Ndar. Shugaban kamfani na lokacin ya ga inda maslaharsa take, ya mara wa tsofaffin gidajen sarauta baya. An kashe Nasiruddin a fagen yaƙi a 1674, kuma zuwa 1677 an murƙushe yunƙurin.

Bayan shekara 100 wutar ta sake kamawa a Futa Toro. Malam Sulaiman Bal ya jagoranci kawar da sarautar Satigi, a 1776 kuma aka naɗa Abdulƙadir Kan a matsayin Almami. A 1785 ya sa Faransawa suka amince da yarjejeniyar biyan kuɗin fito da kuma daina sayen Musulmi a matsayin bayi, ya riƙa sa ana bincika jiragen da ke ratsa ƙasarsa. Hanin nasa bai game dukan bayi ba, amma ya nuna cewa har a wancan lokaci mai ƙasa ne ke gindaya sharaɗi a kan kogi. Wannan kuwa ya faru kusan shekara 20 kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804.

Tuta na sauyawa, gari na nan

A 1758, cikin Yaƙin Shekara Bakwai, Ingilishi suka ƙwace Ndar, babban abin da suke hari kuwa shi ne ƙaro. A sulhun Faris na 1763 Faransa ta saki Kanada baki ɗaya, ta riƙe tsibiran rake, aka mayar mata da Gore. Ndar ba ta dawo hannunta ba sai 1779. Ingilishi sun sake karɓe ta daga 1809 zuwa 1817. A duk wannan kai da komo, gwamnoni ne ke sauyawa. Sinyar na nan da gidajensu, lafto na nan da jiragensu, sabon mai tuta kuma dole ya aika da gaisuwa ga Barak da sarkin Tararza kamar wanda ya gada.

A watan Afrilu na 1789, da labari ya zo cewa sarkin Faransa ya kira babban taron wakilan ƙasa, manyan mazauna Ndar suka rubuta takardar koke suka aika Faris. Abin da suka nema shi ne a soke ikon kamfani na cin kasuwa shi kaɗai, a bar kowa ya yi cinikinsa. An biya musu bukata a 1791. Sai dai 'yancin da suka roƙa bai haɗa da bayinsu ba, cinikin bayi ma na cikin abin da suke so a sakar musu. Faransa ta soke bauta a 1794, Napoleon ya maido ta a 1802, ba a kawar da ita a Ndar ba sai 1848.

Yadda reshe ya juye da mujiya

Abubuwa da yawa ne suka taru a ƙarni na 19 suka rushe tsohon tsari. A 1820 masana biyu a Faris suka tace kwinin, maganin da ya rage mutuwar Turawa da zazzaɓi. Jirgi mai tururi ya shigo kogi, wanda ba ya jiran iska ko masu jan igiya, kuma yana ɗauke da igwa. Bindigogin Turai suka yi wa na gargajiya nisa. Manyan 'yan kasuwar birnin Bordo, waɗanda suka shigo da jari mai yawa, suka ga kuɗin fito asara ne, suka matsa wa gwamnati ta naɗa musu gwamna soja. A 1854 aka ba Louis Faidherbe, wanda ya yi aikin soja a Aljeriya, wannan muƙami.

A 1855 ya ci Walo da yaƙi, sarauniya Ndate Yalla ta yi gudun hijira. Ƙasar da aka yi kusan ƙarni biyu ana biyan sarakunanta kuɗin zama ita ce ta fara faɗawa. A wannan shekara ya gina sansanin Madina a can saman kogi, wanda Alhaji Umaru Tal, surukin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kewaye a 1857 bai samu cinsa ba. A 1857 ɗin ne kuma aka kafa rundunar sojojin baƙar fata da ake kira tirayar na Senegal, waɗanda da yawansu tsofaffin bayi ne. A 1858 Tararza ta sa hannu a kan sulhun da ya kawo ƙarshen tsohon tsarin kutum. Daga nan hanya ta buɗe zuwa gabas: Segu ta faɗi a 1890, sarkinta Ahmadu ɗan Alhaji Umaru ya yi ta ja da baya har ya rasu a ƙasar Sakkwato. A 1895 aka haɗa yankunan da aka ci a ƙarƙashin gwamna ɗaya mai zama a Ndar, kafin a mayar da hedikwata Dakar a 1902. Sojojin da suka shiga Ƙonni da Damagaram, har suka haɗu da 'yan'uwansu daga Aljeriya da Kongo a Kusuri, mafi yawansu tirayar ne, Turawan da ke cikinsu 'yan ƙalilan.

Abin lura a nan shi ne cewa kayan aikin mamayar a zamanin haya aka tara su. Tafintocin da suka san harsuna, matuƙan da suka san kowane lungu na kogi, taswirar da aka zana a tafiyar Galam, sanin wane sarki ke gaba da wane, duk a cikin waɗannan shekaru na biyan gaisuwa aka same su. Masu ƙasa kuwa, a tsawon lokacin da ƙarfi ke hannunsu, kowane ya fi damuwa da kada rabonsa na kutum ya gaza na maƙwabcinsa. Walo da Kayor da Tararza da Futa sun sha yaƙar juna da bindigogin da suka saya a kasuwa ɗaya, ba su taɓa haɗa kai suka yanka wa baƙon sharaɗi guda na dindindin ba. Waɗanda suka hango haɗarin cinikin mutane, irin su Nasiruddin da Almami Abdulƙadir, 'yan'uwansu ne suka kashe su a fagen fama.

Ndar na nan har yau. Gadar ƙarfe da aka buɗe a 1897 ta haɗa ta da tudu, tana kuma ɗauke da sunan Faidherbe, abin da 'yan Senegal da dama ke neman a sauya. Hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoton benayen sinyar masu baranda, teku kuma na ci gaba da cin unguwar masunta da ke kan tudun yashi, zuriyar mutanen da suka riƙa ratsa mashigar da jiragen Turawa tun zamanin Caullier.